Ranar da Na Faɗi Sunan Maigidana a Kotu

Tun ɗana na fari yana cikin zanen goyo nake jin tsoron sunan da gari zai sa masa. Sauran mata suna tsoron ƙyanda da tari, ni ma ina tsoronsu, amma wannan ya fi hana ni sukuni. A ƙauyenmu, can gefen Bebeji, sunan da aka yanka wa rago ba ya aiki sai ranar suna da ranar ɗaurin aure. Sauran kwanakin duniya, abin da wata tsohuwa ta faɗa cikin raha shi ne sunanka. Na san wani dattijo mai jikoki da har ya koma ga Allah ana kiransa da sunan wata miya da ya zubar yana yaro.

Ni kuwa ba ni da bakin tare wa yaron, don ɗan fari ne. Ba na faɗin sunansa. Ba na ɗaukarsa in akwai idon mutane. In ya faɗi a gabana sai in kau da kai har wata ta ɗaga shi. A ɗakin Inna, uwar mijina, yake kwana, ni kuma Yaya yake ce mini. Haka aka koya mini, haka uwata ta yi wa nata. Amma a zuciyata ina ganin kamar gona na bari ba shinge: ni da na haife shi na yi shiru, kowa kuma bakinsa a buɗe.

Shekarar da aka yi canjin kuɗi, maigidana ya je kasuwar Tudun Wada ya sayo wata jar karsana, yana so ya fara kiwo. Ba ta daɗe a turke ba sai ga 'yan sanda da wani Bafulatani daga wata ruga ta wajen Doguwa. Mutumin ya kama kunnen karsanar ya nuna tsagar gidansu, ya kira ta da Fulatanci, ita kuma ta juyo ta lashi hannunsa. Tasa ce, wannan ba musu. Da rana tsaka aka fita da maigidana da ankwa, karsana a gaba, yara a baya, mata suna leƙe ta kan danga.

Da ya dawo ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Kalma uku ya faɗa mana: "An wanke ni." Daga baya, a hankali, na tsinci sauran. Dillalin da ya yi cinikin ya je ya ba da shaida, waɗanda suka ga an sallama su ma sun je, aka bi sawu har aka kama wanda ya kawo ta kasuwa. Amma maigidana ba mai magana ba ne. Gari ya ga fitarsa da ankwa, gari bai ga shari'a ba. Tun daga nan ya soma tafiya cirani Kudu shi da ƙanensa, kuma kowace shekara sai ya ƙara daɗewa.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta fara, ita da ke wasan jika da yaron. Ina daka a tsakar gida ya shigo da gudu, ta tare shi da sanda tana dariya: "Mijina, ɗan karsana! Yaushe za ka koro mini tawa?" Matan gida suka kwashe da dariya. Taɓaryata ta tsaya a sama, sannan na ci gaba da daka. Me zan ce? Uwa ba ta shiga wasan kaka da ɗan fari. Kafin lokacin girbi ya zagayo, ko mai tallan ƙuli ya san wane ne ɗan karsana.

Haka muka tafi har ya shiga aji ɗaya. Wata rana fensirin wani yaro ya ɓata, sai 'yan ajin suka taru suka zazzage jakarsa, ba su taɓa ta kowa ba. Wani babba a cikinsu yana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga baya aka tsinci fensirin a ƙarƙashin benci. Ya dawo gida ya shige bayan rumbu ya zauna, ya ƙi tuwo, ya ƙi fura. Washegari aka yi juyin duniya ya ƙi makaranta. Da na je ɗebo hatsi, ba kowa a wurin, ya riƙe mini zane.

"Yaya, Baba ya saci saniya?"

Na ce, "Bai sata ba. Alƙali ya wanke shi."

Ya ce, "To wa ya sani?"

Tambayar nan ita ta fitar da ni daga gida. Na goya ƙanwarsa, wadda ke shan nono a lokacin, na je wurin hedimasta. Ya ce zai hori yaran, amma bulala ba ta cire magana daga baki. Sai ya tambaye ni ko muna da kwafin shari'a. Ban taɓa jin kalmar ba. Ya ce duk abin da aka faɗa gaban alƙali ana rubuta shi a littafi, littafin kuma ba na ɓoye ba ne, wanda abin ya shafa yana iya zuwa ya nemi a buga masa a sa hatimi. Na tsaya ina kallonsa. Ashe shekarun nan da nake haɗiye magana, maganar tana nan a rubuce a wani ɗaki, ba wanda ya je ya ɗauko.

Na dawo na durƙusa gaban Inna, don mai gida ba ya nan, izini a hannunta yake.

Ta ce, "'Yar nan, kotu ba wurin mutunci ba ne. Ki bar wa Allah."

Na ce, "Inna, Allah ya sani. 'Yan aji ɗaya ne ba su sani ba."

Ta daɗe tana tauna goro. Sannan ta ce in miƙo mata mayafinta na unguwa, ba za a ce surukarta ta je kotu ita kaɗai kamar mara dangi ba.

Mun fara da Bebeji, don ita ce kusa. Amma ko ƙofar ofis ba mu taka ba, kunya ta tsayar da mu wurin wani mai goro a bakin kotu. Abin da Inna ta riƙe kawai shi ne ɗanta ya taɓa cewa alƙalin dogo ne, mai gemu ja da lalle. Mai goro ya ce ya san shi sarai, ai yanzu yana Kiru. Da mun ce masa a Tudun Wada aka sayi karsanar, da ya rage mana wahala. Amma mu alƙali muke nema. A tunaninmu kamar malamin tsangaya yake, in ya tashi daga gari sai ya ɗaure littattafansa a gafaka ya tafi da su.

Muka kwashi jiki sai Kiru. A can wani masinja mai kirki ya saurare mu, ya yi dariya har da dafa bango, ya ce, "Inna, alƙali baƙo ne, littafi shi ne ɗan gari. Inda aka yi shari'a nan yake kwana." Ya shiga ya tambayo, ya fito ya ce kafin a kawo alƙalin nan, a Tudun Wada ya zauna. Ya ce in mun je kada mu tsaya wurin mai goro, mu nemi ofishin rajistara, mu riƙe shekara da sunayen masu shari'a. Na riƙe maganar shekara. Maganar sunaye ta shiga ta kunnen nan ta fita ta wancan.

Ranar Tudun Wada da sassafe muka fita. A Kwanar Ɗangora muka sauya mota, muka hau a-kori-kura, mu da buhunan taki da wasu matan Fulani da ƙorensu. Inna ta riƙe ƙarfen mota da hannu biyu tana salati duk inda aka faɗa rami. Ni kuma ina ta bitar abin da zan faɗa.

Harabar kotun cike take. Maza a gindin darbejiya, kowa da nasa abokin gaba a ɗaya gefen inuwar. Wani mai rubuta takarda ya kafa tebur yana buga tafireta da yatsa biyu. Ofishin rajistara ɗan ƙarami ne, ƙofarsa a buɗe, masu jira a kan benci a baranda suna jin duk abin da ake faɗa a ciki. Bayan kujerarsa akwai kanta har sama, an jera manyan littattafai, wasu an ɗaure su da igiya, an rubuta shekara a ƙeyar kowanne. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya ce mu tashi mu zauna. Na faɗi abin da ya kawo mu tun daga turke har bayan rumbu.

Ya ce, "Wace shekara?"

Na ce, "Shekarar canjin kuɗi, Malam, bayan an yi shuka."

Ya ce, "Madalla, wannan ta fi kalanda." Ya sa aka sauko da littafi, ya busa ƙurarsa, ya ɗauki biro. "To, sunan wanda aka yi ƙara?"

Na dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa.

Na ce, "Maigidan ne, Malam."

"Na ji maigidan ne. Sunansa."

Na ce, "Uban yaron."

Ya ajiye biro. Ya ce, "Baiwar Allah, duk wanda ke cikin littafin nan maigidan wata ne. Inna, ke kika haife shi, faɗa mini."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Na ce a hankali, "Ɗan farinta ne."

"To sunan mahaifinsa fa? Da shi ma zan iya dubawa."

Sai wani a baranda ya tuntsire da dariya. Mahaifinsa ai shi ne marigayi mijin Inna, kuma surukina. Ga mata biyu sun keto gari uku, da goyo, a kan mutum ɗaya, ba wadda za ta iya buɗe baki ta ce ga sunansa ko na ubansa. Akwai laƙabin da gari ke kiransa da shi, na faɗa, rajistara ya bi shafi da yatsa ya ce kotu ba ta rubuta laƙabi, sunan yanka take rubutawa. Inna ta yi ƙoƙari, ta ce sunansa sunan tsohon limamin garinmu. Ya ce, "Inna, ban taɓa bin limaminku salla ba."

Ya miƙo mini biro ya ce in rubuta. A aji biyu na tsaya a makaranta, abin da na zana ko ni ban gane shi ba. Sai ya ce to, ba yau ya fara ganin irin wannan ba, bari ya riƙa kiran sunaye, in ya zo kan nasa in ɗaga kai. Ya fara jerowa. Mutanen baranda suka sa baki, wannan ya jefo suna, wancan ya jefo, abin ya koma kamar wasan kacici-kacici. Kowa yana dariya, har masinjan ofishin. Ban ga laifinsu ba, abin dariya ne. Da an ci gaba a haka da an zo kansa, in ɗaga kai, mu rabu da mutuncinmu.

Sai wani mutum a bakin ƙofa, da alama ɗan kasuwar shanu ne da ya zo tasa shari'ar, ya leƙo ya ce, "Wai ba ɓarawon jar karsanar nan na wajen Bebeji ake nema ba?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. A nan ma? A ɗakin da aka wanke shi, littafin yana buɗe a kan tebur? Na juya na fuskanci mutumin, ba rajistara ba, na faɗi sunan mijina na yanka, da ƙarfi, kamar mai kiran yaro daga gona. Na haɗa da na ubansa. Na ce, "Shi ne sunansa. Ba shi da wani." Tun da aka kai ni gidansa sunan nan bai taɓa hawa harshena ba. Na ji shi wani iri a bakina, kamar na tauna tsakuwa a tuwo. 'Yar da ke bayana ta farka ta fashe da kuka. Inna ta dunƙule cikin mayafi ba a ganin ko goshinta.

Dariya ta ɗauke. Rajistara ya lashi yatsa ya yi ta juya shafi. Da ya samu, sai ya ɗaga murya yadda na baranda za su ji, ya karanta ƙarshen: cewa wanda ake ƙara ya saya ne a kasuwa, a bainar jama'a, ta hannun dillali, gaban shaidu, cewa mai karsana da bakinsa ya ce ba shi yake zargi ba, cewa kotu ba ta same shi da laifi ba, ta wanke shi. Ya dubi mutumin bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, ka ji, ko in maimaita?" Mutumin ya ce shi ma haka ya ji ana faɗa ne, ya ja da baya.

Sauran aiki ne kawai. Aka tura ni wurin mai tafireta ya rubuta mini takardar neman kwafi, na sake faɗar sunan, wannan karon bai yi nauyin na farko ba. Na dangwala yatsa, na biya abin da aka ce, aka ba ni rasit. Rajistara ya ce in adana shi kamar ido, in dawo mako mai zuwa, sai an buga, ya duba, alƙali ya sa hannu.

A hanyar komawa Inna ba ta ce mini uffan ba. Na ce shi ke nan, na zubar da abin da na tara a wurinta. Da muka sauka a Kwanar Ɗangora muna jiran mota, ta kwance bakin zanenta ta sayi rake, ta karya ta miƙo mini gaɓa mai kauri ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ungo. Bakin nan ya yi aiki yau, jiƙa shi."

Ni kaɗai na koma karɓowa, da goyona. Takardu ne sirara, an liƙe su a kusurwa, hatimi shuɗi a ƙasan kowacce. Na naɗe su a leda na sa a cikin riga, ban yarda da jaka ba.

Na kai wa mai unguwa na roƙe shi a karanta a ƙofar gidansa bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zama. Ya ce wannan ba aikin mace ba ne, a jira mai gida. Na ce, "Ranka ya daɗe, masu kiran yaron ba su jira mai gida ba." Aka karanta. Na kai wa hedimasta, ya tara yara a fili da safe ya karanta musu, ya fassara musu abin da wankewa take nufi. Ranar na riƙo hannun ɗana tun daga ƙofar gida har makaranta, ta tsakiyar gari, kowa yana gani. Da aka gama bai dube ni ba, ya zare hannunsa ya shiga layin 'yan ajinsu.

Tsohuwar maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin rijiya. Ta ce, "Ke 'yar nan, ni wasa nake da mijina."

Na ce, "Iya, ki sake masa wani wasan. Wannan ya tsufa."

Mata suka yi ta kai da kawowa. Wai ido ya buɗe, wai na kira sunan miji a gaban maza, wai na riƙe hannun ɗan fari a titi kamar 'yar bariki. A gidan biki in na shigo sai a yi ƙus-ƙus. Ban ba kowa haƙuri ba, kuma har yau ban ga abin ba da haƙuri ba. Kunya ado ce, na yarda, ni ma da ita na tashi, kuma da na dawo gida na koma cewa maigidan kamar kowa. Amma adon da za a tsaya ana gyarawa yaro yana bayan rumbu ya ƙi cin tuwo, wannan ba da ni ba.

Da ruwa ya sauka maigidana ya dawo. Labari ya riga ni isa gare shi tun a tasha. Na kai masa ruwa na durƙusa, ya sha, ya ce, "An ce kin kira sunana a kotu."

Na ce, "Na kira."

"Har da na Baba."

"Har da na Baba."

Ya ajiye ruwan. Sannan ya ce, "Kin faɗe shi daidai kuwa?"

Na ɗauko masa takardun. Bai iya karatun boko ba, amma ya daɗe yana shafa hatimin da babban yatsa. Washegari ya fita majalisar ƙofar mai unguwa, wadda rabonsa da ita tun kafin ankwa. Cirani bai daina ba, abinci ne, amma ya koma dawowa da wuri kamar sauran maza.

Ba zan ce sunan ya mutu rana ɗaya ba. Manya sun bari, don yanzu wanda ya faɗa ya san ƙarya yake yi, kuma ya san an san ya sani. Yara sun ɗan ja shi, in faɗa ya haɗa su. Amma yaron ya daina shigewa bayan rumbu. Na ji shi da kunnena ta kan danga yana ce wa wani, "Je ka Tudun Wada ka tambaya, a rubuce yake." Ya gama firamarensa, ba a sake zazzage masa jaka ba.

Abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan ba shi da yawa. In an yi shari'a da naka aka gama, ko da shi ya yi nasara, kada ku fita daga harabar kotu sai kun nemi kwafi. In kun dawo gida ku zaunar da matan gidan ku gaya musu a wane gari aka yi, wace shekara, da sunan da aka rubuta. In kuma ka ga wata a bakin kotu tana raɓe-raɓe wurin mai goro, don Allah ka tashi ka nuna mata ƙofar rajistara.